Gadon Aurena a Gefen Makara

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambayar ko an sa ranar, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Ba yanga ba ce, kuma ba data ce ta ƙare ba. Abin ne ya zo mini ta inda ban zata ba, na rasa ta inda zan kamo zarensa, sai yau na zauna na ce bari in faɗe shi yadda ya faru.

Ga wanda yau ya fara bin labarin nan, sunana Najiba, haifaffiyar Tambuwal, ina haɗa turaren wuta da humra ina tallarsu ta waya. Wanda zan aura Attahiru ne, kafinta, shagonsa yana kan hanyar da ta fita zuwa Kebbe. Dogo ne, baƙi, mai tsadar magana, irin mutumin da za ki zuba masa hira har bakinki ya bushe ya ce miki "haka na" ya yi shiru. An kawo gaisuwa, an yi bincike an gama, saura sa rana, kuma manya sun tsayar da wata Juma'a. Babana, Malam Bube mai hatsi, shi ya ba Attahiru aikin gadona da sif da madubi. Ya ce kayan ɗaki haƙƙinsa ne, kuma duk garin ba wanda ya kai yaron hannu, don haka ba zai kai aikin wani wuri saboda kunya ba. Amma fa aike ya yi. Babana ba ya haɗa ido da Attahiru, in ya hango shi a kan hanya ma kwana yake canzawa.

Ana cikin wannan hali, bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, sai aka wayi gari ana kewaye wani fili da waya a gefen maƙabarta. Ba a gama maganar filin ba aka ga mota tana sauke bandir-bandir na farin yadi a wani sito. A rediyo wani jami'i ya ce kwamiti aka kafa na shirin ko-ta-kwana saboda damina, ya jero manyan kalmomi, kafin mutum ya gane inda ya dosa an sako talla. Shi ke nan bayanin da aka yi mana.

Inda aka bar rami kuwa mutanen garinmu ba sa rasa abin cika shi. A guruf ɗin waya na matan unguwarmu aka turo odiyon wani mutum da bai faɗi sunansa ba, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar mai magana a ƙarƙashin gado.

"Jama'a, ku farka. Gwamnati ta san abin da ka tafe. Wa ka sayen likkafani ba gawa? Wa ka gina kabari ba mamaci?"

Daga nan kowa ya kawo tasa. Wannan ta ce ciwo ne za a saki a rijiyoyi, waccan ta ce madatsar ruwa za a buɗe mana, wata ta ce mijin ƙanwar maƙwabciyarta ya ji da kunnensa. Ni dai dariya na yi ta yi, har na tura musu hoton sabuwar humrata na ce kafin a saki ciwon ku zo ku saya. Ashe dariyar tawa ba mai nisa ba ce.

Ranar Asabar Goggo Nasiha ta sauka daga Kebbe. Yayar Babana ce, can take aure, kuma maganar aurena a hannunta take. Ni 'yar fari ce, Innata ko sunana ba ta kamawa, "ke wagga" take ce mini, balle ta sa baki a zancen gadona. Goggo gajera ce mai kauri, muryarta tana riga ta shiga gida. Ita ke yi wa matan unguwarsu wankan gawa, ba ta tsoron komai sai abu biyu da na sani tun ina ƙarama, ba ta cin kifin gulbi kuma ba ta shiga jirgin ruwa. Ban taɓa tambayar dalili ba, don Goggo ba a yi mata tambaya biyu a jere.

Ta ce sai ta ga gadon da idonta kafin a sa rana. Bayan la'asar na saka atamfata mai ruwan ganye, na zumbula hijabi ruwan toka har ƙasa, na shafa humra kaɗan a wuya don kar Goggo ta ce na cika rawar kai. Muka hau kabu-kabu biyu muka tafi.

Gadon ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ruwan zuma ne, da zanen ganye a allon kai, sai ƙyalli yake. Attahiru ya durƙusa ya gaida Goggo, fensir a kunnensa, garin katako har gashin gira. Goggo ta danna gadon, ta girgiza ƙafarsa, ta buɗe sif ta shaƙi cikinsa, ba ta samu abin kushewa ba. Da a nan ta tsaya da yau wani labarin nake ba ku. Amma Goggo ba ta ganin abu a rufe ta wuce. Can gefe akwai tamfol shuɗi lulluɓe da wani tuli da ya kusa taɓa kwano.

"Madubin ɗiyata na nan ciki?" ta ce, ta kama bakin tamfol ta ja.

Makara ce. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, an jera su wata kan wata, sababbi fil, hannuwansu a goge sumul. Ni tun da nake, makara ɗaya na sani a kowane masallaci, a jingine a bayan gini, yara ma ba sa bi ta wajen. Ban taɓa ganinsu a tare haka kamar kujerun haya ba.

"Attahiru, mi na na wanga?"

"Makara ta, Goggo."

"Na san makara. Ni da ita mun san juna tun ba a haife ka ba. Wa yar rasu?"

"Ba kowa."

"To na wa na?"

"Kwamiti sunka ba ni aiki."

Goggo ta dubi tulin, ta dubi gadona da ke tsaye kusa da shi, ta sake duban tulin.

"Da katakon da kay yi gadon ɗiyata?"

A raina na ce Allah ka sa bawan nan ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa. Ina.

"Katako guda na, Goggo. Mai kyau nis saye ma duka."

Ba sai na gaya muku yadda muka fito ba. Goggo tana tafe tana salati da muryar nan tata, masu kabu-kabun da ke jiranmu suna leƙe, kafin mu isa gida labari ya riga mu. Da magariba hoton shagon ya shiga guruf. Jumare mai shayi na bakin kasuwa ne ya je ya ɗauko shi, ya haɗa da tsokacinsa, wai ango makara, amarya turare, saura a nemo musu mai likkafani a cika gida. Mata suka yi ta turo alamar dariya. Waɗanda suka yi mini odar turare suka fara cewa in dakata tukuna. Wani Alhaji da ya ba Attahiru aikin gadon 'yarsa ya aiko aka kwashe katakonsa. Maganar da ta fi yawo ita ce, tunda aka ba shi aikin, to ya san ranar da abin zai auku da adadin mamatan.

Ran Litinin da safe Baba ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa a ƙofar turaka, fura a gabansa bai taɓa ba. Babana ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ya yi magana take zama.

"Najiba, ba ni da abin da za ni ce ma yaron ga ta wajen hali. Amma dibi nan. Jirgin da ka ƙetara da mutane shina yoyo, ba a liƙe shi ba. Ka kai maras lafiya a rubuta ma magani ka sawo waje. Duk wanga ba a gani ba, sai makara anka gani? Wanda ka shirya ma mutuwarka bai shirya ma rayuwarka ba, ƙaƙa za ka yarda da shi?"

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Jiya na zauna kasuwa, bencin da ka cika da mutane ni ɗai nika bisa. Ba ni iya ba da ɗiyata garin ga shina nuna ta da baki. Na aika ma baffan yaron. Yaron shi maida ma kwamiti aikinsu kafin Juma'a, ko mu maida masu kayansu."

Inna tana bakin murhu tana jin komai, ba ta ɗago ba. Goggo ta ce, "Madalla."

Na shiga ɗaki na janyo waya daga caji.

Na rubuta: Ka ji saƙon Baba?

Ya amsa: Na ji.

Na rubuta: To?

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga shi: Ina tafe bayan la'asar ran Laraba.

Laraba. Mutum gidansa na ci da wuta yana ba da ranar zuwa kamar likitan haƙori. Na kifa wayar a kan katifa don kar in rubuta abin da zan yi nadama.

Zan gaya muku gaskiya, kwanakin nan ban yi su da Attahiru a zuciyata kaɗai ba, na yi su da tsoro. Ni da nake yi wa mata dariya, sai ga ni ina sake sauraron odiyon mutumin nan. In na ɗebo ruwa a randa sai in tsaya ina kallonsa. Na riƙa tambayar kaina, mutumin da ba ya magana, me ya sani da bai faɗa ba? Kuma in an kawo gadon nan, zan iya rufe ido a kansa ban tuna 'yan'uwansa da ke ƙarƙashin tamfol ba?

Ran Laraba na yi shirin yaƙi. Leshina ruwan hoda da na ajiye don ranar sa rana shi na ciro, na ɗaura kallabi, na yafa mayafi mai duwatsu, na turara jikina da turaren da ban taɓa sayar wa kowa irinsa ba. Na ce yau ko dutse ne sai ya yi laushi. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na kai ruwan sanyi da zoɓo. Ya zo da farar shadda wadda ta sha guga, ya zauna, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

"Ka maida masu aikin," na ce, ko amsa gaisuwar ban gama ba.

"Najiba."

"Kafintoci nawa ag garin ga? Wani shi yi. Kai aure za ka yi."

"An kai ma wasu, sun ƙi."

"To su ba su da hankali na? Attahiru, ka faɗa mani tsakaninka da Allah. Mi kas sani? Mi sunka ce maka za ya faru?"

"Ban san komi ba. Na tambaye su, sun ce shiri na saboda damina. Wataƙila gaskiya sunka faɗi, wataƙila akwai abin da sunka riƙe. Ba ni rantse maki a kansu."

"To don mi?"

Ya juya kofin zoɓon a hannunsa, bai sha ba.

"Kin tuna tsohuwar ƙofar da kinka gani ƙuryar shago?"

Na tuna. Ranar da muka je da ƙawata zaɓen zanen gado na gan ta a can ciki, jingine ta juya wa mutane baya, shuɗin fentinta duk ya kokkoɗe. Har na tsokane shi na ce kafinta guda yana ajiyar tarkace, ya ba ni in kai wa Inna ta yi wa akurkin kaji murfi. Ya yi murmushi kawai a lokacin.

"Ƙofar ɗakin Innata ta," ya ce.

Na san innarsa ta rasu a ruwa tun kafin ya dawo Tambuwal, iyakar abin da na sani ke nan. Ranar ya ba ni sauran, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ƙauyensu yana bakin gulbi, can gaba da Kebbe. Lokacin yana koyon aiki. Ranar kasuwa ce, damina ta yi tsakiya, jirgi ya ɗebo masu dawowa, yawancinsu mata, ya kife. Aka yi ta tsamo mutane ana jerawa a bakin ruwa. Makara ɗaya ce a garin. Ga zafi, ga gawar ruwa ba ta jira. Dattawa suka ce a ciro ƙofofi.

"Ni ad da guduma da sukundireba, sai anka ce in bi gida-gida. Ina cirewa ana ɗauka, ina cirewa ana ɗauka. Lokacin ba a ga Innata ba, ina ta ce ma kaina wataƙila ba ta shiga jirgin ba. Ita anka tsamo daga ƙarshe. Ƙofofin unguwarmu sun ƙare, saura tata."

Ya ce yadi ma ya ƙare, sai da liman ya warware rawaninsa aka yanka. Ya ce ƙofa ba ta da hannu, ba ta da gefe, kuma hanyar maƙabartarsu gangare ce.

"Masu ɗauka suna tafiya tana zamewa. Sai nib bi gefe na sa hannu na tare ta. Haka munka tafi har bakin kabari, ina riƙe da ita kar ta faɗi gaban mutane."

Bai yi kuka ba. Ni ce na ɓata kwalliyar da na ɓata rabin yini ina yi.

"Ban san abin da gwamnati tas sani ba," ya ce. "Abin da ni nis sani, ruwa na zuwa kowace shekara. In ba a buƙace su ba, alhamdu lillahi, su ruɓe a sito. In an buƙata, ba ni son wani yaro shi bi gida-gida da guduma. Ina son ki, Najiba, Allah ya sani. Amma ba ni maida aikin ga."

Haushi da tausayi suka haɗe mini. Haushi, don ya zaɓa kuma ba ni ya zaɓa ba. Tausayi kuwa ba sai na faɗa ba. Na ce masa, "Kuma shi na ba ka iya faɗi tun farko?" Ya ce, "Ba a tambaye ni ba." Ku ji fa. Wannan shi ne mutumin da nake so.

Bayan magariba ana cin tuwo a tsakar gida na je na durƙusa a gaban Baba. A gidanmu 'ya ba ta kawo wa uba zancen saurayi, ko sunansa ban taɓa kamawa a gabansa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku gafarce ni, akwai abin da ya kamata ku ji." Na faɗi komai, tun daga jirgin har gangaren maƙabarta. Ina cikin maganar ƙofa na ji cokalin Goggo ya daina motsi a kwano.

"Ƙofar," ta ce, "shuɗiya ta?"

Na ɗago. "Shuɗiya ta, Goggo."

"Da ƙaramar taga sama, an toshe ta da kwali?"

Na ce e.

Goggo ta ture kwanon.

"Ranar an aiko Kebbe neman masu wanka, mata sun yi yawa. Mu anka kwasa a mota. Ni niy yi ma wagga mata wanka, bisa ƙofar nan. Na ga yaron da ka riƙe da ita. Ashe shi na."

Na ce a raina shi ke nan, an gama, Goggo ta sauko. Amma Goggo ba fim ba ce.

"Kada ki dube ni haka," ta ce. "Na ga ranar da idona, shi ya sa in nig ga ana shirya ma irinta cikina ka juyawa. Shi ya ga makara ta yi kaɗan. Ni jirgin nig gani, da yadda anka cika shi. Har gobe ban yarda da mutanen gwamnatin ga ba."

"Ni ma ban yarda da su ba," in ji Baba.

Sai ga muryar Inna daga bakin murhu. Ba mu take kallo ba, tukunyar da take kankarewa take yi wa magana.

"Yaron da bai saki uwatai ba a gangare, ban ga ranar da za ya saki ɗiyar mutane ba."

Tun da aka fara zancen aurena, wannan ce kalmar farko da Innata ta sa a ciki. Baba ya miƙe. Ya wanke hannu, ya ɗauki buta, ya fita masallaci.

Alhamis ta zo, Baba bai janye maganarsa ba. Goggo ta sa aka fito da akwatin da dangin Attahiru suka kawo tun farko, ta goge shi, ta ajiye a zaure, kusa da ƙofa. Duk wucewar da zan yi sai na gan shi. Na tura wa Attahiru saƙo: Akwatinku na zaure. Ya amsa: Allah shi zaɓa muna mafi alheri. Na rubuta amin, na goge, na sake rubutawa.

Ran Juma'a da safe Baba ya fito ba da shaddar Juma'a ba, da tsohuwar rigar da yake sawa in za a sauke buhuna. Bai karya ba, bai ce ga inda za shi ba. Na zauna a ɗaki da tsummar atamfa a jikina, ko wanka ban yi ba, ina jiran a zo a ɗauki akwati.

Da hantsi na ji hayaniya daga wajen kasuwa, irin wadda ba ta da ihu, sai takun ƙafafu da salati ƙasa-ƙasa. Inna ta saki tsintsiya. Na figi hijabi na yi zaure, na leƙa ta tsagar ƙofa, Goggo tana numfashi a bayana.

Makara ce tafe a kan titinmu. Babana a gaba, kafaɗarsa a ƙarƙashin hannu ɗaya yana tallafe da ɗayan. A baya Attahiru. Mutanen da ko ido ba sa haɗawa, ga su da katako ɗaya a kafaɗa. Daga baya na ji yadda aka yi. Baba ya je shagon ya ce makarar masallacin unguwarmu ta daɗe da karyewa a hannu, da igiya aka ɗaure ta, yana son sabuwa, kuma ba a mota za a kai ta ba. Attahiru ya ciro ɗaya daga tulin ya ce zai ƙera wa masu aikin madadinta. Suka ɗauko ta su biyu, suka ratso ta bakin kasuwa.

To kun san garinmu. Ba a ganin makara tafe namiji ya ci gaba da zama, balle a ga mutum biyu suna fama da abin da mutum huɗu ke ɗauka. Tun daga nesa mutane suka miƙe, masu shayi suka ajiye kofi, aka ruga neman lada. Ba wanda ya tsaya leƙa cikinta, tana sama da kai. Sai da suka sa kafaɗa suka ji ba nauyi. Kuma wa zai janye kafaɗarsa daga makara a tsakiyar titi jama'a na kallo?

Daidai ƙofar gidanmu na ga wanda ya karɓi hannun da ke kusa da Baba. Jumare mai shayi ne, da tawul ɗinsa a wuya, fuskarsa ta rikice.

"Malam Bube," na ji ya ce, "wa na?"

"Ba kowa na ba tukuna," in ji Baba. "Mutum fuɗu taka so. Riƙe da kyau."

Haka suka wuce da ita har masallaci, ayari guda a bayan makarar da ba kowa a ciki. Goggo ta juyo daga bakin ƙofa. Sannan ta sunkuya ta kama hannun akwatin nan ta ja shi zuwa cikin gida, tana cewa an bar kaya a hanya sai wani ya yi tuntuɓe.

Bayan an sauko Juma'a baffan Attahiru da mutanensa suka zo da goro da alewa. An sa rana, biki sai bayan an kawar da amfanin gona. Wato sai mun ratsa daminar nan tukuna, kuma da aka ce Allah ya kai mu, amin ɗin da aka amsa ta fi ta kullum nauyi. Kar ku ɗauka gari ya sauya. Filin nan yana nan a kewaye, ba wanda ya zo ya yi mana ƙarin bayani, odiyon mutumin nan yana ci gaba da yawo, har ya fitar da na biyu. Bencin Baba dai ya fara samun mutane, kuma Jumare ya goge hoton shagon.

Da la'asar ina ɗaki ina ƙulla alewa a leda don rabon maƙwabta, waya ta yi ƙara.

Ya rubuta: Baba ya fi ni ƙarfin kafaɗa.

Na rubuta: Yau kuma magana kaka ji.

Ya rubuta: Akwai abin da nika son roƙo. In ba ki so, ki ce a'a, ba komi.

Na rubuta: Ina ji.

Ya rubuta: Ɗakin da nig gina maki, har yau ban sa mai ƙofa ba.

Na gane, ƙofar innarsa yake nufi. Ba sai ya ƙara ba, kuma bai ƙara ba. Na ajiye ledar alewa na zauna a bakin katifa. Ni ce na durƙusa gaban Baba ina neman ya yi ƙarfin hali, ga shi an kawo mini nawa rabon har ɗaki. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro na ji. Kullum da safe hannuna zai taɓa inda aka kwantar da gawarta, kullum da dare ƙofar nan zan rufe a kaina. Amma na tuna shekarun da ƙofar nan ta yi a ƙuryar shago tana kallon bango, da wanda ya kasa jefar da ita ya kuma kasa kallonta.

Na rubuta: Kar ka sake mata fenti.

Ban jira amsarsa ba, don Goggo ta ƙwala mini kira daga tsakar gida. Na fito na same ta zaune a tabarma, ta baje goro tana kasawa gida-gida. Ita za ta yi mini jere, ta riga ta fara lissafin abin da za ta sawo a kasuwar Kebbe.

"Ke Najiba, tambayi mutumin naki. Ƙofar ɗakin wace kala ta, in san labulen da za ni saye?"

Na ce, "Shuɗiya ta, Goggo."

Hannunta ya tsaya a cikin goron.